Yatsu Takwas da Kwalba Biyar

Zuwa ga Dikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kwantagora lafiya, direbanku bai yi gyangyaɗi ba, jakarka ba ta bi wata mota ba. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, Ya raba ka da masu ba da shawara irin mahaifinka na shekarun baya.

Na san abin da hannunka ya shiga nema a ƙasan jaka har ya ci karo da wannan ambulan. Kwalbar nan ce mai jan murfi da ka ɗauka a sito ranar Talata, ka naɗe ta cikin safa. Ba ta nan. Ni na cire ta, kada ka zargi mahaifiyarka.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka. Shekara talatin da ɗaya ban kira sunanka na yanka ba, ban zaunar da kai na yi maka magana ido da ido ba. In ina so ka rufe ƙofa, sai in dubi bango in ce a rufe ƙofa. Haka muka taras, kuma duk littattafan da na karanta babu wanda ya cire mini wannan nauyi. Shi ya sa na ɗauko biro.

Wata biyu ke nan ina kallonka. Ka idar da salla, ka miƙe kana buga ƙafar hagu a ƙasa kamar mai tada babur. In ka zauna, hannunka yana kan yatsun ƙafa kana murzawa. Randar tsakar gida ta ga ta kanta, moɗa huɗu kafin azahar, ga yawan zagayawa bayan gida. Kana tsammanin ba wanda ya lura. Mutumin da ya yi ritaya ba shi da aikin da ya wuce lura. Ni ma haka na fara, kuma ka san yatsu nawa suka rage mini a ƙasa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi, domin lokacin kana makaranta a Sakkwato, kuma na hana kowa ya gaya maka. An ce maka ƙaya ce. Ba ƙaya ba ce, wauta ce mai takardar shaida.

Ina hedimasta a wata firamare kusa da Lafagu, saura shekara biyu in ajiye aiki, abin ya fara. Da farko kamar kiyashi suna taron suna a tafin ƙafata. Daga baya ya koma kamar ana tsira mini allura, wani lokaci kuma ya fizge ni kamar na taka minjirya a bakin kogi. Na yi kuskuren faɗa a majalisarmu ta gindin ɗorawa, inda kowa likita ne. Wani ya ce sanyi ne. Wani ya ce basir ne ya sauka ƙafa, ko da yake bai faɗi hanyar da ya bi ba. Ladan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, ka taka. Wani anka yi ma binne, kai ka riga shi wucewa."

Na yi musu dariya. Ni da na fito kwalejin horon malamai da sakamakon da aka karanta a gaban taro, ni da na shekara talatin ina zana jijiyoyin ɗan Adam a allo da alli kala uku, ladan zai gaya mini abin da ke ƙafata? Na koma gida na buɗe tsohon littafin kiwon lafiya wanda gara ta cinye rabinsa, na ga an rubuta cewa rashin wasu bitamin yana kawo irin wannan. Na rufe littafi. Na duba kaina, na rubuta wa kaina sakamako, na ba kaina maki. Shafin da ya yi maganar ciwon suga yana cikin rabin da gara ta ci, ko kuwa ni ne ban so in gani ba.

Mahaifiyarka ta ce in je asibiti. Na ce ba ni zuwa in bi layi tun safe don yaran da na share wa majina su dube ni ta saman tabarau. Ina kuma jin haushin duk wani gini mai tutar gwamnati, tun da aka bar rufin aji huɗu a buɗe damina shida ina rubuta takarda ana ce mini ana dubawa. Haushin yana da dalili. Sai dai ba gwamnati ce ta rasa yatsu ba.

Ka ji na farko. Karatu yana ba mutum sunayen cututtuka, ba ya auna jini. Ladan ya yi hasashe, ni ma hasashe na yi, bambancinmu kawai nawa da Turanci ne. In ka ji kanka yana gaya maka ka riga ka san abin da ke damunka, to jinina ne ke magana, kada ka saurare shi.

Ka san halinmu na bakin iyaka. Duk abin da ya tsallako daga Binin ya fi na gida daraja: shinkafa, atamfa, taya, har ashana. In ya biyo ta bayan gari a kan babur, darajarsa ta ninka. To, ana nan sai na ji labarin wani Musa Kotonu, mai rumfa a kasuwar tsallake in ka wuce Lolo, wanda aka ce yana da ƙwayoyin ƙarin lafiya masu ciyar da jijiya. Ba magani ba ne, in ji masu labari, abinci ne aka dunƙule, saboda haka ba ya cutarwa. Ranar kasuwa na sa takalmina sau-ciki, na hau kabu-kabu na tafi.

Rumfar tana tsakanin mai tsofaffin taya da mai manja. Musa yana sanye da farar riga irin ta likitoci, ya rataya hoton mutum da aka feɗe, jijiyoyinsa ja kamar saiwar albasa. Ban buɗe baki ba ya gane ni, domin wa ke sa safa a wannan rana in ban da malamin makaranta?

"Babban Malam! A ba shi kujera. Mi ke tahe da manya?"

Na yi masa bayani da kalmomin littafi, don mutanen da suka taru su san ba irinsu ba ne ni. Ya yi ta gyaɗa kai. Ya ɗauko kwalba mai jan murfi ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kai ba sai na yi maka wa'azi ba. Waɗanga jahilai nike sha wahala da su. Ga rubutu nan, karanta da kanka."

Dikko, rubutun Faransanci ne. Ban san Faransanci ba, ko gaisuwa. Mutum ya fi ashirin suna kallona, har mai manja ta bar ciniki. Na riƙe kwalbar nesa da ido, na motsa leɓe daga sama har ƙasa, na juya bayanta, na sake motsa leɓe. Sannan na ce, "Haka ne."

Musa ya ɗaga hannu sama. "Kun jiya? Hedimasta ya duba, ya ce haka na!"

Ranar mutum uku suka sayi irin kwalbar saboda ni, ciki har da wata tsohuwa mai sanda. Har yau ina tuna fuskarta, ban san abin da ya same ta ba. Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko muni, don ya fita daga jikina ya shiga na wasu. Kalma uku za su fid da ni: ban iya ba. Na koya wa yara dubbai cewa mai tambaya ba ya jin kunya, ranar da abin ya zo kaina na kasa. Inda za ka, za a miƙo maka abubuwa da yawa a gaban mutane a ce kai ai mai ilimi ne. Duk wanda ya fara da yabon iliminka kafin ya nuna maka kayansa, ka sa takalmi ka tashi.

Kafin shekara ta zagayo, kwalabena sun kai biyar. Akwai ja, da ruwan ɗorawa, da kore, da wata ta gari da ake damawa, da wata mai hoton tsohon Bature yana gudu a bakin teku yana dariya, haƙoransa cif. Wannan ta fi shiga raina. Na jera su a kan taga kamar 'yan aji ɗaya a layin safe. Na ɗauko rula na zana jadawali, Litinin zuwa Lahadi, safe da rana da yamma, na manna a bango inda jadawalin darussa yake a da. Musa ya ce ɗaya-ɗaya. Ni kuwa na yi tunani irin na masana: wannan ma'auni an yi shi ne don mutanen Faransa, masu karyawa da burodi da ruwan shayi. Mutumin da ke tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa sai biyu-biyu. Tunda abinci ne, ina laifin ƙari?

Mahaifiyarka takan tsaya bakin ƙofa da akushi ta ce, "Malam, in kawo tuwon, ko ka ƙoshi da ɗiyan kwalba?"

Nakan ce mata wannan fanni ne da ba ta karanta ba.

Kiyashin suka haura idon sawu, suka tsallaka hannu. Alli ya fara faɗuwa daga yatsuna a gaban yara. Maɓallin riga ya zama kokawa. Na koma wurin Musa na gaya masa abin ƙaruwa yake yi. Ya tafa hannu don murna.

"Alhamdu lillahi! Jijiya ta ta farka, shi ya sa take kuka. Yanzu anka fara aiki. Ƙara da wagga."

Ka lura da wannan, Dikko. In ka ce masa ka ji sauƙi, kwalba ta yi aiki. In ka ce ka ji tsanani, kwalba tana aiki. Babu amsar da za ka kawo wadda za ta sa kwalba ta faɗi jarrabawa. Ni da na yi shekaru ina tsara tambayoyi, ban gane jarrabawar da ba a faɗuwa ba jarrabawa ba ce.

Sai kuma wata rana, bayan na yi ritaya, zogin ƙafar ya tafi. Na tashi da safe shiru, ba allura, ba minjirya. Na sa aka toya masa aka raba sadaka. Ranar Juma'a, cikin bazara, masallaci ya cika muka yi sahu a waje kan siminti. Da aka sallame kowa ya zabura yana tsalle yana neman takalmi, har da liman mai ciki da rawani. Ni kuwa na taka a hankali ba takalmi, hannu a baya, na ratsa filin nan kamar mai duba tsabtar makaranta. Mutane suka tsaya kallo. Ladan ya ce lalle Malam yana da wani abu da bai gaya muna ba. Na ce babu komai sai kimiyya. Sati biyu ina ba da lacca a gindin ɗorawa kan ciyar da jijiya.

Ashe ba warkewa na yi ba. Ƙafar ce ta daina kawo rahoto. Zogin nan da nake zagi shi ne ma'aikaci na ƙarshe da ya rage yana zuwa ofis, na yi walima ranar da ya mutu. In wata rana ka ji abin da ke damunka ya ɗauke ba tare da likita ya taɓa ka ba, kada ka toya masa. Ka je a duba.

Yanzu maganar makulli. Mahaifiyarka ta yi rantsuwa in ta ƙara ganin sabuwar kwalba za ta zuba duka a masai. Na ɗauke su na kai sito na kulle da kwaɗo. Na rasa inda zan ɓoye makullin, domin ta san aljihuna fiye da ni, sai na tura shi can cikin kan takalmina sau-ciki, na je wanka. Na fito na manta. Na sa safa, na sa takalmi, na tafi majalisa.

Kwana uku ana neman makullin sito a gidan nan. Shinkafa tana ciki, gero yana ciki, muna aron abinci a maƙwabta. An ɗaga tabarmi, an zazzage buhuna, an leƙa rijiya. Na tara mutanen gida na yi musu jawabi kan sakaci da rashin tsari. Na zargi akuya. Duk wannan jawabi ina tsaye a kan makullin na yi shi. Za ka ce ba na alwala? Ina yi, sau biyar. Hannu yana wankewa, ido yana kan butar maƙwabci. Safar kuma baƙa ce, ba ta tona asiri.

Rana ta huɗu kasuwar Bagudo ta ci, kawunka Buba ya biyo daga ruga ya gai da 'yar'uwarsa. Ka san tsakanina da shi. Bai taɓa shiga aji ba, ni kuma ban taɓa barin ya manta da haka ba. Yana zaune a zaure da baƙi biyu na shigo. Bai amsa sallamata da kyau ba, idonsa yana ƙasa.

"Malam, koma ka sake tahowa."

Na ce shi wa, sufeton makarantu?

"Kana jehwa ƙahwar dama waje. Nagge in ta yi haka, akwai abu a kohwato."

Na ce ni ba saniya ba ne, kuma ƙafata ba ta taɓa lafiya irin ta bana ba. Ban rufe baki ba ya tashi, ya kama ni ya zaunar, ya juya mini baya, ya ɗaga ƙafata ya matse tsakanin gwiwoyinsa, daidai yadda yake yi wa bijimi. A gaban baƙi, Dikko. Ina ihu ina ambaton matsayina, ya zare takalmi ya girgiza. Makulli ya faɗo a kan daɓe, ƙarar da ya yi har cikin gida. Mahaifiyarka ta leƙo. Ta sunkuya ta ɗauka, ta dubi akuyar da ke ɗaure, ta dube ni, ta koma.

Buba ya tuɓe safar. A ƙarƙashin ƙananan yatsu biyu akwai rami, ya yi baƙi a gefe. Ya danna da babban yatsa ya dubi fuskata. Ban ji komai ba. A nan dariyarsa ta tsaya.

"Shanu ba su gaya mini inda ke yi musu ciwo," in ji shi. "Kullum maraice sai na ɗaga na duba da idona. Taka ƙahwar ta zama irin tasu. Tashi mu tai asibiti."

Ban tashi ba. Wannan ne kuskuren da ya ci yatsun. Da na bi shi ranar, likita ta ce da wataƙila wanki da ɗauri sun isa. Amma ta yaya zan yarda makiyayi ya gano a minti ɗaya abin da na kasa ganowa a shekara uku? Na ce zan kula da shi da kaina. Na fasa ƙwayar mai hoton Bature na barbaɗa garin a ramin, na ɗaure da tsumma. Kwana goma sha biyu. Sai da ƙudaje suka fara bina sahu, mutanen majalisa suka riƙa tuna suna da uzuri in na zauna, zazzaɓi ya kwantar da ni, sannan Buba ya dawo da babur. Shi da mahaifiyarka suka ɗora ni a tsakiya kamar buhun albasa. Ita ta riƙo leda da kwalabe biyar a ciki.

Gaskiya ba ta zaɓen bakin da za ta fito, ka riƙe wannan. A wurin aikinka mai shara zai iya gaya maka abin da injiniya bai gani ba.

A asibiti likitar da ta shigo ta rusuna ta ce, "Malam, ina wuni? Ba ka gane ni ba?" Rabi ce, 'yar wani masunci, wadda na zaunar a bencin baya shekara biyu, na kuma rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta da kan kimiyya. Na yi fatan zazzaɓin ya ɗauke ni a wurin.

Ta sa aka ɗebi jini. Ta ɗauko wani siririn zare mai tauri kamar na fatsa, ta ce in rufe ido, duk lokacin da na ji ta taɓa tafin ƙafata in ce na ji. Na rufe ido. Shiru. Na ƙirga uku a zuci na ce, "Na ji." Na ƙara ƙirga uku na ce, "Na ji." Na yi haka sau biyar, da murya mai ƙarfi.

"Malam," in ji ta, "ban fara ba tukuna. Biro nake nema."

Buba ya fita waje don dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Kai ka koya mana satar amsa ba ta da amfani." Da ta fara da gaske, ta taɓa wuri goma, ban ji ko ɗaya ba.

Sakamako ya fito, suga ne, kuma ta ce ya daɗe yana cin jijiyoyin a hankali. Sannan ta zazzage ledar a kan tebur ta jera kwalaben. Ita ma ba ta jin Faransanci, ta faɗa ba kunya a gaban kowa. Amma ta ce sunan bitamin harafi ne da lamba, iri ɗaya ne a kowane harshe. Ta bi da bakin biro tana nuna mini: B6, B6, B6, B6. Huɗu cikin biyar. Ta biyar babu ma jerin abin da ke ciki, sai Bature.

"Jiki yana bukatar wannan, amma kaɗan," in ji ta. "In ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi da kansa yana lalata jijiya, ya kawo irin abin da kake gudu. Kwalba huɗu, kuma biyu-biyu. Suga yana ci ta ƙasa, kai kana taya shi ta sama."

Na ce, da sauran ƙarfin hali, ai abinci ne.

"Gishiri ma abinci ne, Malam. Ka taɓa cin kwano guda?"

Rubutun da zan iya karantawa yana jikin kwalaben tun ranar farko. Ina ta motsa leɓe a kan wanda ban iya ba, ban dubi wanda na iya ba.

Suka cire yatsu biyu. Na daina ƙwayoyin, na kama maganin suga, aka rage mini tuwo zuwa abin da ba zan faɗa ba don kada ka yi kuka. Bayan watanni hannuwana suka dawo kaɗan-kaɗan, shi ya sa kake iya karanta wannan rubutu. Ƙafa ba ta dawo ba. Rabi ta ce abin da yawan bitamin ya taɓa yakan farfaɗo in an daina, wanda suga ya daɗe yana ci ba ya cika dawowa.

Don kada ka ce haushi ne ke magana, ga adalci: ba kowace kwalba ce ƙarya ba. Yanzu haka ina shan guda, B12, kuma Rabi ce ta rubuta, bayan ta auna ta ga nawa ya yi ƙasa, ta ce maganin sugan da nake sha yakan rage shi. Akwai wanda rashin wannan bitamin ne kaɗai ciwonsa, a ba shi ya ji sauƙi. Wataƙila kai ma haka ne. Wataƙila wani abu ne daban, don ta ce dalilan suna da yawa. Ban sani ba. Ka ga na rubuta, ban sani ba, kuma biro bai karye ba. Awo ake fara yi, sannan kwalba in an ce kwalba.

Musa yana nan, in kana tambaya. Buba ya ratsa ta rumfarsa kwanan baya, ya ji yana gaya wa mutane labarin wani hedimasta da ya warke sarai, har ya daina zuwa.

Aikin da ka samu a injin shinkafa na tsayuwa ne, cikin takalmin nan mai ƙarfe a baki, tun safe har yamma. Na ga takalmin, ya fi nawa zurfi, makulli uku za su kwana a ciki. A makon farko, kafin ka nemi inda ake sayar da tuwo mai kyau, ka nemi asibiti. Ka gaya musu duka: ƙafar, da ƙishirwar, da fitsarin, da cewa mahaifinka yana da suga. Kada ka gyara labarin don ya yi kyau. In an ce rufe ido, kada ka ƙirga uku. Kwalba shida na bari a sito, har da wadda ban kai ga buɗewa ba, biyar na taras, don haka ban san ko ka riga ka fara sha ba. In ka fara, wannan ma ka faɗa. Duka shidan yanzu suna masai, mahaifiyarka ta cika rantsuwarta da hannuna.

A cikin safar da ka naɗe kwalbar za ka ji wani abu mai faɗi. Madubi ne. Da shi nake duba tafin ƙafata kullum bayan la'asar, tunda bayana ba ya lanƙwasuwa, ina zazzage takalmi kafin in sa. Dabarar Buba ce, ni dai na ƙara mata gilashi. Asalinsa na mahaifiyarka ne, na kwalliya, ta bar mini shi tun ranar da aka sallame ni, ta ce fuskarta ta san hanya. Jiya da na ce zan ba ka, ta ce to ni kuma da me zan duba ƙafata? Na ce ita za ta duba mini. Ta ce ashe sai da aka yanke mini yatsu biyu na koyi roƙo.

Ban bar maka gona mai yawa ba, ban bar maka suna a ofis ba. Ilimin da na yi alfahari da shi ka ga inda ya kai ni. Abin da nake da shi da ba kowane uba ke da shi ba, na riga ka bin wannan hanya har ƙarshenta, na dawo da yatsu takwas. Kai kana da goma. Na ƙirga su ranar da aka haife ka, lokacin da ba kowa a ɗakin, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Takarda ba ta jin nauyi, don haka zan rubuta abin da bakina bai taɓa faɗa ba, sau ɗaya. Abdullahi, ka je a auna ka.

In sakamako ya fito, ka kira mahaifiyarka ka gaya mata. Zan kasance kusa, ina duban bango.

Allah Ya kiyaye ka daga sama har tafin ƙafa, Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na injin da na mai daɗin baki. Ya dawo mana da kai kana takawa da ƙafafunka, kana jin ƙasar da kake takawa. Amin.

Mahaifinka,
Usmanu
Bagudo